Abin da ƙaramin yaro yake so cikin littafi mai hotuna

Wannan jawabi ne da wata malama ta ma'aikatar yaƙi da jahilci ta yi wa ɗalibai manya, maza da mata. Mun buga shi don a karanta a kowace makarantar manya, a yi shawara a kansa.

Na san wasu sun baro dakan hatsi, wasu sun baro ban ruwa a garka, don su zo nan. Allah ya saka da alheri.

Kullum zancen karatunku muke yi. Yau zancen na ƙananan da ke gida ne: na goye, da mai rarrafe, da mai tatata, da ɗan shekara 4 ko 5 wanda bai shiga lakwal ba tukuna.

Ga dalilin da ya sa na ɗauko zancen. Akwai wani awo da ake yi wa ƴan lakwal a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, sunansa PASEC. A shekarar 2014 an auna yaran Nijar masu gama firamare. Waɗanda suka iya karanta rubutu su gane shi yadda ya kamata ba su kai 1 cikin 10 ba. A 2019 an sake awo, an samu ci gaba, sun kai wajen 3 cikin 10. Ku duba sauran 7 ɗin nan. Shekara 6 suna zuwa lakwal, uwaye sun haƙura da aikinsu a gona da rijiya, amma karatu bai zauna ba.

Dalilai suna da yawa. Aji ya cika, littattafai sun yi kaɗan, kuma Faransanci ba harshen da yaro ya sha a nono ba ne. Amma akwai dalili guda wanda maganinsa yana hannunmu. Yara da yawa, ran da suka shiga aji ita ce ranar farko da suka taɓa buɗe littafi mai hoto. Littafi baƙo ne gare su. Mushe yana fama da baƙaƙe, su kuwa ba su san ta inda ake buɗe shafi ba.

Ku da kuka koyi karatu kuna iya raba ƴaƴanku da wannan baƙunta. Amma yaro ba ya zama wurin abin da ba ya so. Saboda haka sai mu san me yake so cikin littafi. Abu 6 ne zan lissafa muku.

Na 1: yana son ya ga abin da ya sani

Ku nuna wa ɗan shekara 2 hoton akuya. Zai buga hannu a kan takarda, ya ce: "Akuya!" Ya dubi fuskarku, ya sake duban hoton. Murnarsa ita ce ya gane abu da kansa, kuma ya san sunansa. Haka zai yi in ya ga jaki da amalanke, ko turmi da taɓarya, ko rumbu, ko mace da tulu a ka.

Abin da ya fi jan idonsa shi ne fuska. Jariri sabon haihuwa yana ganin abu sosai in nisansa santimita 20 zuwa 30 ne, wato daga nono zuwa fuskar uwa. Tun daga nan yake son fuska. Cikin littafi ma zai tsaya a kan yaro mai dariya ko mai kuka, ya ce: "Me aka yi masa?"

Don haka ku fara da hoton abin gida, babba, mai kama da abin sosai. Shafin da aka cika da tarkace yana rikita ƙaramin yaro. In ya saba, sai a kawo masa abin nesa: giwa, da raƙumin dawa irin na Kure, da jirgin ruwa a kan kogin Isa. Daga sananne ake zuwa baƙo.

Na 2: yana son ya taɓa

Yaro da hannu da baki yake bincike. A shekarar 1998 wasu masana sun ba da labarin gwajin da suka yi da jarirai a Amurka da wani ƙauye na Kodibuwa. Sun ga ɗan wata 9 yana shafa hoto, yana ƙoƙarin tsince abin daga kan takarda, kamar na gaske ne. Yaran ƙauyen ma haka suka yi. Amma ɗan wata 19 ya bar tsinta. Nuni yake yi da yatsa, yana neman faɗin sunan abin. Ya gane hoto wakilin abu ne.

Wannan babban mataki ne. Wanda ya gane hoton kaza yana nufin kaza, gobe zai gane baƙaƙe 4 ɗin nan, k-a-z-a, su ma kaza suke nufi. Ku da kanku ta wannan hanya kuka bi: a littafinku na farko akwai hoto, a ƙarƙashinsa akwai kalma.

To ku bar shi ya riƙe littafin. Ku bar shi ya juya shafi, ko da ya haɗa 3 a tare, ko ya fara daga baya. In ya kai baki, ku janye a hankali, ban da tsawa. Yaron da aka buge don ya taɓa littafi zai ɗauka littafi wuta ne.

Na 3: yana son ƙara da maganar da ke dawowa

In kuka zo hoton zakara, ku yi cara: kukuruku! In tunkiya ce, ku yi kukanta. In kura ta faɗa rijiya, ku ce tinjim! In tsuntsu ya tashi, ku ce fir! Kada ku ji kunya. Yaro zai yi dariya, ya kwaikwaye ku, ya ce a sake.

Wannan ba sabon abu ba ne. A shekarar 1658 wani malami mai suna Komeniyus ya buga wa yara littafi mai hotuna a ƙasar Jamus. Ana lissafa shi cikin na farko-farko a duniya. Da kukan dabbobi ya koyar da baƙaƙe: kowane baƙi an haɗa shi da hoton dabba ko abin da ƙararsa ta yi kama da shi.

Yaro yana son kuma maganar da ke dawowa. Kakanninmu sun san haka. Ku tuna tatsuniyar dare: akwai ƴar waƙa a tsakiya, tana dawowa sau 3 ko 4, yara suna amshi. Littafi mai kyau haka yake. In jimla guda tana dawowa a kowane shafi, ku karanta rabinta ku yi shiru. Yaro zai ƙarasa. A ransa shi ma ya yi karatu.

Na 4: yana son a maimaita

Kun gama littafi, ya ce: "A sake!" Kun sake, ya ce: "A sake!" Gobe ma shi zai ɗauko. Babba yakan gaji, ya ce yaron nan ba ya son sabon abu. Ku yi haƙuri, aiki yake yi.

A shekarar 2011 masana a jami'ar Saseks ta Ingila sun yi gwaji da yara ƴan shekara 3. Sun raba su kashi 2. Kashi na farko, a kowane zama ana karanta musu labari guda sau 3. Kashi na biyu, labari 3 dabam-dabam. An sa sababbin kalmomi iri ɗaya cikin labaran, kuma kowane kashi ya ji su daidai wa daida. Da aka tambaye su daga baya, waɗanda aka maimaita wa labari guda sun fi riƙe kalmomin.

Dalilin a fili yake. Ji na farko, hankalin yaro yana kan abin da zai faru. Ji na biyu da na uku, ya san ƙarshen, sai ya samu sukunin kama kalmomi. Wannan labari ne mai daɗi gare mu. Gidan da ke da littafi 2 ko 3 kawai bai yi hasara ba, in dai ana buɗe su kullum. Da yayyafi kogi kan cika.

Na 5: yana son ya riga ku faɗi

Yara suna son kacici-kacici. Littafi mai hotuna ma kacici-kacici ne. Ga wutsiya ta leƙo bayan rumbu. Ta wa ce? Kafin ku juya shafi, ku tsaya ku tambaye shi. In ya canka, zai yi tsalle. In bai canka ba, zai yi dariya.

Idon yaro ya fi naku ganin hoto. A ƙasar Kanada, a 2005, an bi idon yara ƴan shekara 4 zuwa 5 da na'ura lokacin da ake karanta musu littafi. An tarar kusan kullum idonsu yana kan hoto, da wuya su dubi rubutu. Shi ya sa yaro zai nuna muku ƙadangaren da ke can gefe, wanda ba ku lura da shi ba. Ku tsaya ku duba tare da shi. Wani lokaci kuma ku aza yatsa ƙarƙashin kalma, ku ce: "Ga inda aka rubuta kaza." Da haka idonsa zai fara sauka kan baƙaƙe.

Yana son abin dariya: jaki da hula, ko ƙaramin zomo ya yi wa kura wayo. Shi ƙarami ne cikin manya, don haka yakan goyi bayan ƙarami. Yana son ɗan tsoro kaɗan, muddin ƙarshen lafiya ne: ɗan akuya ya ɓace, dare ya yi, amma ya samu uwarsa. Hoton da zai hana shi barci, ku tsallake shi.

Na 6: yana son ku

Wannan shi ne babba. In kuka ba yaro littafi kuka tafi, ba zai daɗe ba zai yar. Abin da ya fi so shi ne zama a cinyar inna ko kusa da baba, yana jin murya, ana duban abu guda tare, ana sauraron abin da ya ce.

A Afirka ta Kudu akwai wata babbar unguwar talakawa, sunanta Kayelitsha. An tara uwaye da masu reno 91 da ƴaƴansu ƴan wata 14 zuwa 16. An koya wa rabinsu yadda ake duba littafi tare da yaro, sau ɗaya a sati, har sati 8. An buga sakamakon a 2015. Ƴaƴan waɗanda aka koya wa sun fi sauran sanin kalmomi, kuma sun fi tsai da hankali a kan abu. Abin da aka koya musu ba shi da wuya: bin abin da yaro ya nuna, faɗin sunansa, haɗa shi da abin gida, da yabon yaro.

Ga misali. Yaro ya nuna hoto.

Uwa ta ce: "Mene ne wannan?"

Ya ce: "Akuya."

Ta ce: "Madalla! Akuya ce ja. Me take ci?"

Ya ce: "Haki."

Ta ce: "I, harawar wake ce. Ta yi kama da akuyar wa?"

Ya ce: "Ta kaka!"

Kun ga uwar nan ba ta karanta ko baƙi ɗaya ba. Amma yaro ya bayar da kalma guda, an mayar masa da 4.

Wane littafi ga wane yaro?

Daga wata 6 zuwa shekara 1: shafi mai kauri na kwali, hoto guda babba, fuska ko abu mai launi mai haske.

Daga shekara 1 zuwa 2: hotunan dabbobi, da kayan gida, da gaɓoɓin jiki, don faɗin suna.

Daga shekara 2 zuwa 3: gajeren labari na abin da yake yi kullum, kamar wanka, cin tuwo, zuwa rijiya, kwanciya.

Daga shekara 4 zuwa 6: tatsuniya mai farko da ƙarshe, da ƙidaya, da littafin da ke amsa "don me". Don me hadari ke yin baƙi? Ina ruwan rijiya yake fitowa?

Abin da wasu za su ce

Wani zai ce: "Yaron da bai iya magana ba, me zai yi da littafi?" Amsa ita ce, da littafin zai ƙara koyon maganar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wata za ta ce: "Ni karatuna bai nuna ba, ina hardewa." Yaro ba mai duba jarrabawa ba ne. Karatun sannu-sannu shi ya fi masa. Ke ma riba za ki ci. Wanda ya bar makarantar manya ya daina karatu, baƙaƙe sukan gudu masa. Littafin yara yana da manyan baƙaƙe da gajerun jimloli, shi ne zai riƙe miki abin da kika koya har damina ta wuce.

Wata kuma za ta ce: "Ɗan fari ne, ina jin kunya." Mun san al'adarmu, ba mu raina ta ba. Amma gida ba ya rasa kaka, ko goggo, ko yaya. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, ba wanda ya fi ta dacewa. Ƴar lakwal ma tana iya karanta wa ƙannenta, ita ma karatunta ya ƙara ƙarfi.

Wani zai ce: "Ina lokaci?" Minti 10 ya isa. Bayan la'asar a inuwa, ko bayan tuwon dare kusa da fitila. In yaro ya gaji ya tashi, a rufe littafi. Ba dole cikin abin nan.

Maza, ban cire ku ba. Yaron da ya ga babansa da littafi zai san karatu aikin manya ne. Kuma kada a ware ƴan mata. In aka zaunar da namiji a cinya aka aiki macen ɗebo ruwa, tun daga nan aka fara tauye ta.

Ina za mu samu littattafai?

Gaskiya ne littafin yara da Hausa bai wadata a kasuwanninmu ba. Amma aikin ya daɗe da farawa. Tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram inda yara ke fara karatu da Hausa. A Yamai akwai masu buga littattafai da harsunan gida, kamar gidan Gashingo. In akwai lakwal mai koyarwa da harshe biyu kusa da ku, ko ɗakin karatu, ku tambayi abin da suke da shi.

Masu babbar waya kuma, akwai wurin da ake kira African Storybook a intanet. An buɗe shi a 2014, kuma akwai labaran yara masu hotuna da Hausa a ciki, kyauta. Amma ku yi hattara. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ba da shawara kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin. Ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. Ta ce karatu da tatsuniya tare da babba sun fi. Saboda haka in kun samu labari a waya, ku kwafe shi a takarda.

Hanya mafi kusa ita ce mu yi namu da hannunmu. Ga yadda ake yi:

1. Ku samu kwalin sukari ko na sabulu mai tsabta. Ku yanka shi gida 4 ko 5, daidai da juna, kamar faɗin tafin hannu 2.

2. Ku liƙa farar takarda ta kaye a kowane gefe. Ƙaro da aka jiƙa ya isa liƙi.

3. A kowane shafi ku zana abu guda. In ba ku iya zane ba, ku sa ɗan lakwal, ko ku yanko hoto daga tsohuwar kalanda ko takardun malaman gona.

4. Ku rubuta sunan abin a ƙasa da manyan baƙaƙe. Malaminku zai duba muku rubutun.

5. Ku huda gefe, ku ɗinke da zare mai ƙarfi. Kada ku sa ƙusa ko waya ta ƙarfe, ko wani ƙaramin abu da yaro zai haɗiye.

Ga dabarar labari mai sauƙi. Shafi na 1, kaza 1. Shafi na 2, awaki 2. Shafi na 3, tumaki 3. Haka har 5. Ko ku sa sunan yaronku cikin labarin: ya tashi, ya wanke ido, ya sha koko, ya bi yayarsa garka. Ba littafin da yaro ke so kamar wanda shi ne a ciki.

Maƙiyan littafi a ƙauye 3 ne: gara, da ruwa, da akuya. Ku sa shi cikin leda, ku rataye ko ku ajiye cikin kwalla. Amma kada ku ɓoye shi har a manta. Littafin da ya tsufa a hannun yaro ya fi sabon da ke ƙasan akwati amfani.

Abin da nake roƙonku

Ga aikin da za mu ɗauka daga nan. Kowane ɗalibi ya yi littafi guda kafin sati 2. Ku kawo su nan, malami ya duba. Mu samu akwati guda, mu zaɓi mutum 2, mace da namiji, su riƙe shi. Su rubuta sunan mai aro da ranar aro cikin kaye. In ɗalibai 25 ne, kun ga gari ya samu littafi 25, ba a kashe ko jika ɗaya ba. Kowane gida ya ari guda, ya riƙe sati ɗaya, ya kawo ya canza.

In mun sake haɗuwa, kowa ya gaya mana hoton da ɗansa ya fi tsayawa a kai, da abin da ya ce. Daga bakin yaran za mu san irin littafin da za mu ƙara yi. Waɗanda suka fi kyau, ku aiko wa jaridarku, don sauran garuruwa su gani su kwaikwaya.

Kun sha wahala kafin ku san baƙaƙe, da furfura wasunku suka fara. Ƴaƴanku kada su jira haka. Allah ya raya mana su, ya ba su ilimi mai amfani.